JIF ƊIN TALAKA DA JIF ƊIN MAI MULKI

Ya ku 'yan'uwa talakawa, 'yan kasuwa maza da mata, mun ji 'yan koren gwamnati suna yi mana ba'a, wai ina talauci a ƙasar nan alhali ga 'yan kasuwa suna hawan jif? To, su kasa kunne su sha amsa.

Jif iri biyu ne. Akwai na mai mulki, akwai na talaka. Na talaka tsohuwa ce, 'yar Kwatano, wadda wani Bature ya hau shekara da shekaru a Amurka ko Turai har ya gaji, sa'an nan aka loda ta a jirgin ruwa. Ɗan kasuwa bai saye ta don alfahari ba. Ya saye ta ne don ran Sallah ta kwashe uwargida da amarya da 'ya'ya zuwa ƙauye, ran kasuwa kuma a kwantar da kujerun baya a zuba buhunan masara daga Dawanau ko dilar atamfa daga Kwari. Kuma me ya hana shi sayen ƙaramar mota mai ƙarancin shan mai? Hanya ce ta hana shi. Da damina wace ƙaramar mota za ta shiga hanyar ƙauyenmu ta fito da cikinta lafiya? Hatta babbar hanyar Abuja zuwa Kano, an ba da kwangilarta tun 2017, amma har 2024 ta wuce ba a gama tsakanin Abuja da Kaduna ba.

Ku duba yadda suka bi tsohuwar motar nan da duka. A watan Janairu na 2017 suka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Ran 29 ga Mayu 2023 suka janye tallafin mai. Litar da ake saya ƙasa da naira 200, kafin watan Yuli ya ƙare ta kai 617. Ku yi lissafi da kanku: tankin lita 80 da ba ya kai naira 16,000, sai ga shi ya haura 49,000. A Yunin wannan shekara kuma suka saki naira ta faɗi, duk wanda ya je Ƙofar Ruwa neman kayan gyara ya komo yana salati.

To, a cikin wannan shekara ta 2023, da ake ce mana mu yi haƙuri, 'yan Majalisar Tarayya, wakilai 360 da sanatoci 109, aka saya musu jif sababbi ful da kuɗin jama'a. Da aka tambaye su dalili, sai suka ce wai hanyoyin mazaɓunsu ba su da kyau! Jama'a, aikin wa ne gyaran hanyar? Mu muka cinye kuɗin kwalta?

Shawararmu ga ɗan'uwa mai niyyar sayen irin motar nan, ya tafi da bakaniken da ya amince da shi, ya duba takardun kwastan, ya lissafa kuɗin mai da na taya tun bai taɓa jarinsa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Amma maganin gaskiya ba a gareji yake ba, yana akwatin ƙuri'a. In sun zo neman ƙuri'arku cikin jif mai baƙin gilashi, ku nuna musu ramukan da suka tsallako, ku tambaye su da kuɗin wa aka sayi motar. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.