Kayan Tarihi A Filin Wani: Darasi Daga Gwammaja

Ganuwar Kano, wadda Sarki Gijimasu ya soma ginawa tsakanin 1095 da 1134, gadon kowa ce. Amma daga Ƙofar Ruwa zuwa sauran sassan birni, gidaje da shaguna sun matse badala, wani wurin ma ba ta ziyartuwa sai an ratsa filin wani.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasa amana a hannun Gwamna, dokar 1979 kuma ta ɗora wa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa kare irin waɗannan wurare. Sai dai kare wuri daban, ba jama'a hanyar isa gare shi daban.

Muna da abin koyi a Gwammaja. Gidan Mambayya, inda aka binne Malam Aminu Kano a 1983, gidan zamansa ne. Yau cibiyar nazari ce ƙarƙashin Jami'ar Bayero, baƙi na ziyarta.

Don haka muna kira ga hakimai, dagatai da jami'an ƙasa: kafin a yanka fuloti kusa da badala, kufai ko tsohuwar maƙabarta, a fitar da hanyar jama'a bisa yardar mai fili, a rubuta, a kafa shaida.