SHARHI: Mikel Obi, Danmak da yaran Kabong: Yadda rashin takarda ke cin ƙwallon Najeriya

A ranar 16 ga Nuwamba, 2025, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ta fitar da Super Eagles daga neman gurbin Gasar Cin Kofin Duniya ta 2026, da bugun fenareti 4 da 3, bayan an tashi kunnen doki 1 da 1 a birnin Rabat na Maroko. Karo na biyu ke nan a jere da Najeriya ta rasa gurbin. Kwanaki biyar kafin wasan, 'yan wasan sun ƙaurace wa atisaye saboda bashin alawus da suke bin Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya, NFF.

Cikin waɗanda suka fi ɗaga murya bayan wannan faɗuwa har da tsohon kyaftin ɗin ƙasa, John Mikel Obi, ɗan wasan tsakiya haifaffen Jos. Maganarsa na da nauyi, domin babu wani tuntuɓe da ƙwallon ƙasar nan ke yi a yau wanda bai taɓa shan irinsa ba. Wanda ya bi tarihinsa tun daga Filato zai ga cewa a kowane zango abu guda ne ke tayar da ƙura: takarda. Ko dai babu ita, ko an yi ta ba bisa ƙa'ida ba, ko an sa mata hannu an ƙi cikawa. Wannan kuwa aiki ne na masu riƙe da fayil a Abuja, kuma wanda zai fi jin raɗaɗin sakacinsu shi ne yaron da ke buga ƙwallo yau a filin ƙasa na unguwar Kabong da ke Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa.

Kwantiragin da ya kai ga kotu

An haifi Mikel a Jos ranar 22 ga Afrilu, 1987. Mahaifinsa, Michael Obi, ɗan kasuwa ne mai harkar motocin sufuri. Ya bi ta makarantar ƙwallo ta Pepsi da ƙungiyar Plateau United, sannan duniya ta fara ganinsa a Gasar 'Yan Ƙasa da Shekara 17 ta 2003 a Finlan. Daga nan ya koma ƙungiyar Lyn da ke Oslo, babban birnin Norwe.

A Afrilun 2005, kwanaki kaɗan bayan ya cika shekara 18, Manchester United ta sanar da cewa ta saye shi daga Lyn. Chelsea ta ce ita ce ke da yarjejeniya da yaron tun da farko. An shafe fiye da shekara guda ana ja-in-ja, har sai a Yunin 2006 aka sasanta: Chelsea ta biya fam miliyan 16, United ta karɓi miliyan 12, Lyn ta karɓi miliyan 4. A 2008 wata kotu a Norwe ta samu tsohon daraktan Lyn, Morgan Andersen, da laifin zamba kan takardun kwantiragin yaron, ta yanke masa ɗaurin talala.

Abin lura shi ne, ƙungiyar da Mikel bai taɓa buga wa wasa ko sau ɗaya ba ita ce ta kwashe kaso mafi tsoka, domin tana riƙe da takarda mai sa hannu. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

A fili kuwa babu wanda ya yi shakkar gwanintarsa. A Gasar 'Yan Ƙasa da Shekara 20 ta 2005 a Holan, Najeriya ta kai wasan ƙarshe, Ajantina ta doke ta 2 da 1, aka zaɓi Mikel na biyu a gwanayen gasar, bayan Lionel Messi. A Chelsea, Jose Mourinho ya mayar da shi mai tsare gaban 'yan baya, inda ya buga wasanni 372 cikin shekara goma da rabi, ya ɗauki kofin Firimiya a 2010 da 2015, Kofin Zakarun Turai a 2012 da na Europa a 2013. Ya bar Landan a Janairun 2017 zuwa Tianjin a Caina, ya ratsa Middlesbrough, Trabzonspor, Stoke City da Kuwaiti, ya rataye takalma a Satumban 2022.

Rigar ƙasa da aljihun kyaftin

Mikel ya buga wa Najeriya wasanni kusan 90. Yana cikin tawagar marigayi Stephen Keshi da ta ɗauki Kofin Afirka a 2013, ya je Gasar Kofin Duniya ta 2014 da ta 2018. Sau biyu aka yi garkuwa da mahaifinsa: a Agustan 2011 a Jos, inda aka ceto shi a Kano, da kuma a Yunin 2018 a hanyar Makurɗi zuwa Inugu. Labarin na biyun ya iske shi sa'o'i kaɗan kafin wasa da Ajantina a Rasha, ya haɗiye abin a ransa, ya shiga fili.

Sai dai babu inda halin hukumomi ya fito fili kamar a gasar Olamfik ta 2016 a Birazil. Tawagar Samson Siasia ta maƙale a Atlanta ta Amurka saboda rikicin kuɗin jirgi, ba ta sauka Manaus ba sai sa'o'i kaɗan kafin wasan farko, amma ta doke Japan 5 da 4. Mikel ya sha faɗa cewa daga aljihunsa aka biya wasu buƙatun tawagar. Gab da wasan kusa da na kusa da ƙarshe, 'yan wasan sun yi barazanar ƙin fita saboda alawus. Abokiyar karawar ita ce Danmak. Sun fita a ranar 13 ga Agusta, Mikel ya ci ta farko, Aminu Umar ya ci ta biyu, aka tashi 2 da 0. Tagullar da suka samo bayan doke Honduras 3 da 2 ita ce lambar yabo ɗaya tilo da Najeriya ta dawo da ita daga Riyo. Wani likita ɗan Japan, Katsuya Takasu, shi ne ya ba su kyautar dala 390,000.

Shekara tara ke tsakanin Atlanta da Rabat. An sauya shugabannin NFF, an rushe Ma'aikatar Wasanni a Oktoban 2024 aka dawo da Hukumar Wasanni ta Ƙasa ƙarƙashin Shehu Dikko, amma rigimar ba ta sauya kama ba.

Yadda Danmak ke nata rikicin

Kuskure ne a ɗauka cewa a Turai ba a rigima kan kuɗi. A Satumban 2018, manyan 'yan wasan Danmak, ciki har da ɗan wasan tsakiya Christian Eriksen, sun ƙi amsa kiran ƙasa saboda saɓani da hukumarsu kan haƙƙin tallace-tallace. Hukumar ta tattaro 'yan ƙananan rukunai da 'yan ƙwallon cikin ɗaki, suka sha kashi 3 da 0 a hannun Slovakiya. Kafin watan ya ƙare, ƙungiyar 'yan wasan da hukumar sun rattaba hannu kan yarjejeniyar shekara shida.

Bambancin a bayyane yake. A Danmak ana faɗa ne kan abin da za a rubuta. A Najeriya ana faɗa ne kan abin da aka yi alkawari aka ƙi biya, kuma yawanci a otal, ana jibi wasa.

Tafiyar Eriksen kanta a rubuce take tun daga tushe: ƙungiyar garinsu Middelfart, sai OB ta Odense, sai Ajax a 2008, Tottenham a 2013, Inter Milan a 2020, Brentford da Manchester United a 2022. Ko lokacin da zuciyarsa ta tsaya a fili ranar 12 ga Yuni, 2021, a wasan Danmak da Finlan a Kofenhagen, na'urar farfaɗo da zuciya da likitocin da ke bakin fili ne suka zama sanadin cetonsa, domin ƙa'idar gasar ta wajabta ajiye su. Ya warke, ya dawo, ya zama wanda ya fi kowa buga wa Danmak wasa.

Wannan ƙasa mai mutane kusan miliyan shida ta daɗe da gano arzikin da ke filayen Najeriya. Ƙungiyar Midtjylland na da tsohuwar alaƙa da FC Ebedei ta Jihar Ogun, kuma ta nan Paul Onuachu, Frank Onyeka da Raphael Onyedika suka shiga Turai. Onyeka, wanda Midtjylland ta sayar wa Brentford a 2021, shi ne ya ci wa Najeriya ƙwallonta ɗaya a ragar Kongo. Hanya ce mai tsari, amma wanda ya shimfiɗa ta shi ke cin mafi yawan ribarta.

Lissafin da ya shafi Kabong

Jos ba ta daina haihuwar 'yan ƙwallo ba. Ahmed Musa, Ogenyi Onazi da Moses Simon duk 'ya'yanta ne. Garin Mighty Jets ne, kuma Plateau United ta ɗauki kofin ƙasa a 2017. A Kabong, Gada Biyu da Tudun Wada, masu horarwa na unguwa na tara yara safe da yamma, galibi ba albashi, ba rajista.

Dokar FIFA kuwa ta tanadi rabonsu. Duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa, kashi 5 cikin 100 na kuɗin na ƙungiyoyin da suka rene shi ne daga shekara 12 zuwa 23. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 na da kashi 5 cikin 100 na wannan rabo, daga 16 zuwa 23 kuma kashi 10. Ke nan ƙungiyar da ta riƙe yaro daga shekara 12 zuwa 17 na da haƙƙin kashi 2 cikin 100 na duka cinikin. Idan aka sayar da shi yuro miliyan 10, rabonta yuro 200,000 ne, kuma duk sa'ad da aka sake sayar da shi zuwa wata ƙasa, sai ta sake samu.

Tun Nuwamban 2022 FIFA ta buɗe ofishin tace kuɗi a Faris, wanda ke biyan wannan haƙƙi bisa fasfon ɗan wasa na kwamfuta. Fasfon na ɗauko bayanansa ne daga rajistar hukumar ƙwallon kowace ƙasa. Ƙungiyar da ba ta da alaƙa da hukumar jiharta, ko ba ta shigar da sunan yaron ba, babu ita a lissafi, ko da ita ta saya masa takalmin farko.

Kafin rajistar ƙwallo akwai ta haihuwa. A 2016 sama da 'yan wasa 20 na tawagar 'yan ƙasa da shekara 17 sun faɗi gwajin ƙashi na tantance shekaru, Nijar ta fitar da Najeriya mai riƙe da kofin duniya. Shaidar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda aka yi tun yaro na goye, ta fi kowace na'ura sauƙi da arha.

Abin da ke kan teburin Abuja

Abubuwa uku ne ba su buƙatar gina sabon filin wasa. Na farko, rubutacciyar yarjejeniya tsakanin NFF da wakilan 'yan wasa, mai fayyace alawus da ranar biya, wadda za a wallafa kafin a fara kowace gasar share fage, a kuma sanya kuɗinta cikin kasafi maimakon jiran amincewar gaggawa daga fadar Shugaban Ƙasa. Na biyu, Hukumar Wasanni ta Ƙasa ta ɗaura tallafin da take bai wa ƙwallo da yawan ƙungiyoyin unguwa da yaran da hukumomin jihohi suka shigar rajista, a riƙa bayyana adadin kowace shekara. Na uku, NFF ta buɗe teburin da zai bi wa ƙananan ƙungiyoyi haƙƙinsu a ƙasashen waje, ta riƙa sanar da abin da ya shigo da wanda aka biya.

NFF na iya cewa FIFA ta hana gwamnati tsoma baki a harkarta, kuma gaskiya ne. Amma dokar ba ta hana mai bayar da kuɗin jama'a gindaya sharaɗi ba, haka nan ba ta hana kwamitocin wasanni na Majalisar Tarayya tambayar inda kuɗin suka shiga ba.

Mikel ya tsallake saboda manyan ƙungiyoyi biyu na Ingila sun ga ya cancanci a yi faɗa a kansa. Mafi yawan yaran Filato ba za su samu wannan gata ba. Abin da zai kare su, ya kuma mayar da wani abu ga unguwar da ta rene su, shi ne suna da ranar haihuwa a cikin rajistar da ma'aikaci ya cike a kan lokaci.