A Ƙayyade Yawan Baƙi a Tsibiran Galafagos

Tsibiran Galafagos suna cikin tekun Fasifik, kimanin kilomita 1,000 yamma da gaɓar ƙasar Ekwado wadda ke mulkinsu. Ga yadda baƙo kan yi yini a can: da hantsi a zagaya kan duwatsu ana kallon tsuntsaye da manyan kunkuraye, da azahar a sa madubin ido da bututun shaƙar iska a kwanta bisa ruwa ana leƙen kifaye, da la'asar kuma a shiga ɗan kwalekwale mai cin mutum ɗaya ko biyu, a bi gaɓa da filafili. Abin da ke ƙayatar da mutane shi ne dabbobin wurin ba su san gudun mutum ba. Akwai wani kadangare mai kama da damo, wanda babu irinsa ko'ina a duniya, da ke nutsewa cikin teku ya ci gansakuka, sannan ya fito ya baje a kan dutse yana shan rana, ko kallon mai wucewa ba ya yi.

Ba ni da ja da wannan yini. Doka ta hana baƙo kusantar dabba ƙasa da mita 2, ta kuma hana shi shiga yawancin wuraren kallo sai tare da jagora mai lasisi. Kwalekwale ba shi da inji, ba ya zubar da mai. Jayayyata a kan yawa take, domin idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Tun 1959 aka keɓe kashi 97 cikin 100 na ƙasar tsibiran a matsayin gandun da hukuma ke tsarewa. An kuma ƙayyade yawan jiragen ruwan da baƙi ke kwana a ciki. Amma masu sauka a otal-otal na tsibiran Santa Kurus, San Kiristobal da Isabela ba a sa musu irin wannan iyaka ba. A 2023 baƙi fiye da 300,000 suka shiga, alhali mazauna wurin kimanin 30,000 ne kacal.

Kowane baƙo sai ya ci, sai ya sha, sai an kunna masa wuta, kuma kusan duk waɗannan abubuwa daga babban yankin ƙasar ake shigo da su. Nan ɓarnar take. A watan Janairun 2001 wani jirgin dakon mai da ake kira Jessica ya kafe kusa da San Kiristobal, man ya malale, daga baya aka tarar fiye da rabin kadangarun teku na tsibirin Santa Fe sun mutu. Cikin kayan da ake saukewa kuma ƙwari da irin ciyayi ke maƙalewa su shigo. Akwai wani baƙon ƙuda da ke ƙwai a cikin sheƙa, tsutsarsa ta riƙa tsotse jinin 'yan tsuntsayen nan da Charles Darwin ya tattara a 1835. Fitar da abin da ya riga ya shiga kuwa aiki ne ja: daga 1997 zuwa 2006 sai da aka kashe awaki fiye da 100,000, wasu daga jirgi mai saukar ungulu, kafin kunkuraye su sake samun ciyawa.

A watan Agustan 2024 gwamnati ta ɗaga kuɗin shiga ga baƙo ɗan ƙasar waje daga dala 100 zuwa 200. Hakan ya yi daidai, amma wanda ya kashe dubbai a tikitin jirgi ba ƙarin dala 100 zai mayar da shi gida ba.

Masu adawa da ƙayyadewa suna da hujja mai nauyi. Yawancin mazauna da baƙi suke cin abinci, kuma a 2020, da annobar korona ta tsayar da zirga-zirga, sun ji jiki ƙwarai. Masuncin da ya mayar da jirginsa na ɗaukar baƙi, idan ya rasa su, teku zai koma da komarsa. Saboda haka a ganina a yanke adadin baƙin shekara, a bar yawancin lasisin jiragen yini da kwalekwale a hannun mazauna, a kuma ƙarfafa wa baƙo ya yi mako guda maimakon kwana uku, yadda kuɗin da ke shiga aljihun ɗan gari ba zai ragu ba ko da jiragen sama sun ragu.