Kwamfutar da Ta Ƙi Tashi a Gobir: A Daina Cusa Mata Windows 11 da Dabara

A ranar 5 ga Oktoba 2021 kamfanin Microsoft ya saki Windows 11, tare da sharuɗɗan da suka hana miliyoyin kwamfutoci masu ƙoshin lafiya karɓar ta. A wannan makon mutumin Tsamaye ko Gatawa ko Isa ba shi da halin jin labarin ma, domin tun a watan Satumba gwamnatin Jihar Sakkwato ta sa aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 saboda ta'asar 'yan bindiga, kuma Sabon Birni da Isa suna cikinsu. Mai son yin kira sai ya lallaɓa inda sabis ɗin Nijar ke tsallakowa. Bayan shekara huɗu, ranar 14 ga Oktoba 2025, Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10, wadda ita aka saba gani a kwamfutocin makarantu da shagunan buga takardu da ƙananan asibitoci. Tun daga nan shawarar da ke yawo ita ce a ɗora wa kowace na'ura Windows 11, ko ta cancanta ko ba ta cancanta ba, tunda akwai hanyar tsallake sharuɗɗan. A ganina wannan hanya ba ta dace da gabashin Sakkwato ba, kuma da yawa daga kwamfutocin da ake yanke wa hukuncin mutuwa don sun ƙi tashi bayan sauyin, lafiyarsu ƙalau. Saiti ne ya saɓa, mai gyara kuma bai tsaya ya karanta abin da allo ke gaya masa ba.

Kwamfutocin da ke isa ƙasar Gobir ba kasafai suke zuwa a kwali ba. 'Yan gwanjo ne da ofisoshin Turai da Amurka suka gama yayi, suka sauka Legas, suka biyo ta kasuwar Alaba ko Computer Village ta Ikeja, suka zo titin Beirut a Kano, daga can Sakkwato. Wasu ta Kwatano da Maraɗi suke shigowa, shi ya sa za ka ga jerin haruffansu irin na Faransanci. Wasu kuma haɗin gambiza ne, allon uwa daga wata matacciya, faifan ajiya daga wata, akwati daga ta uku. Windows 11 kuwa tana neman ƙwaƙwalwar Intel zubi na takwas zuwa sama, wato daga ƙarshen 2017, ko makamanciyarta ta AMD, da guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da sabon tsarin tashi na UEFI mai iya Secure Boot, da RAM giga 4, da wurin ajiya giga 64. HP EliteBook 840 G3 da Lenovo ThinkPad T460, waɗanda suka cika kasuwar gwanjo kuma suke aiki ras, zubi na shida ne, don haka an rufe musu ƙofa. Mai gyara sai ya ɗauko wata manhaja ta kyauta mai suna Rufus, wadda idan tana rubuta Windows a kan filash take ba da zaɓin cire binciken TPM da Secure Boot da RAM. Ya danna, ya ɗora, ya karɓi kuɗinsa.

A nan ne saƙonnin kuskure ke fitowa, kuma kowane saƙo yana da dalilinsa, dalilin ma sau da yawa ƙarami ne. Wanda ya fi yawa shi ne baƙin allo mai cewa ba a sami abin da za a tashi da shi ba. Mai kwamfuta sai gabansa ya faɗi, ya zaci faifan ajiya ya ƙone. Galibi abin da ya faru shi ne faifan an tsara shi da tsohon salo na MBR, an kuma saita na'urar ta tashi da UEFI wanda ke neman salon GPT, ko akasin haka. Shiga saitin BIOS, ta maɓallin F10 a HP ko F2 a Dell, a daidaita biyun, ya isa. Wani lokaci filash ɗin ne da kansa ya ƙi aiki, domin babban fayil ɗin Windows ya wuce giga 4, tsarin FAT32 kuma ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai haka, sai wanda ya kwafa da hannu ya tashi da rabin kaya bai sani ba. Akwai kuma shuɗin allo mai cewa Windows ta kasa isa ga faifan da take kai. Wannan yakan biyo bayan sauya yanayin faifai a BIOS tsakanin AHCI da RAID, kuma mayar da shi yadda yake a lokacin ɗorawa yana warkar da shi nan take. Abin da aka fi mantawa da shi kuwa shi ne ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, da ke kan allon uwa. Shi ke riƙe wa na'ura saitinta da kwanan wata idan an kashe ta. A kwamfutar da ta shekara tara ko goma wannan batiri ya gaji, kuma ranar da ya mutu BIOS yana iya komawa saitin masana'anta, na'urar da ta yi aiki jiya ta wayi gari ta ƙi tashi. Alamarsa a bayyane take: agogon kwamfuta ya koma shekarun baya. Sai a ƙara da ƙurar hunturu da ke shiga ramin RAM har na'ura ta riƙa ƙara ko ƙifta fitila ba tare da ta nuna komai ba, da janareta da ke ɗaukewa ana tsakiyar ɗora manhaja. Duk waɗannan ba su buƙatar a goge ko da takarda ɗaya.

Amma maganin da aka saba bayarwa guda ne: a yi fomat. Na fahimci dalilin, domin fomat ya fi bincike sauri, kuma mai gyara da layin mutane a gabansa ba ya son ɓata awa guda a kan saiti. Sai dai abin da ake gogewa shi ne sakamakon jarrabawar ɗalibai, da rajistar allurar rigakafi, da lissafin bashin abokan ciniki, a yankin da mutane da yawa suka riga suka rasa takardunsu na asali lokacin da suka gudu daga ƙauyukansu. Idan kuma matsalar batiri ce ko saiti, fomat bai taɓa ta ba, za ta dawo bayan mako biyu. Ga kuma hanya. Wanda kwamfutarsa ta tsaya a Kano zai hau adaidaita ya je wurin wani mai gyara. Wanda tasa ta tsaya a Tsamaye, idan gyaran ya gagari na kusa, Sakkwato zai nufa ta Goronyo, hanyar da a kanta aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a 2024, ya kuma rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Duk shawarar da za ta yawaita wa mutum bin wannan hanya saboda kwamfuta, sai an auna ta da kyau kafin a ba shi.

Masu goyon bayan dabarar suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa Windows 11 tana gudu lafiya a kan zubi na shida da na bakwai, sharuɗɗan kuma ciniki ne kawai, don a sayi sababbin na'urori. Na yarda da rabin wannan. Kamfanin nazarin kasuwa na Canalys ya yi ƙiyasi a ƙarshen 2023 cewa kwamfutoci kimanin miliyan 240 na iya zama shara saboda wannan sauyi, kuma ba mai hankalin da zai ce duk sun lalace. Gaskiya ne kuma cewa na'urar da aka yi wa dabara tana tashi a ranar farko. Matsalar tana zuwa daga baya. Microsoft ya bayyana cewa na'urar da ba ta cika sharuɗɗa ba ba ta da tabbacin samun sabuntawa. Windows 11 tana fitar da sabon zubi kowace shekara, kowane zubi na gida da na ƙananan 'yan kasuwa wata 24 ake kula da shi, kuma na'urar da aka shigar ta bayan gida ba a cika miƙo mata sabon zubi kai tsaye ba. Ke nan sai an sake sauke fayil mai fiye da giga 5, a sake dabarar, a wurin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, data kuma da tsada. Babu kuma tabbacin dabarar za ta ci gaba da ci. Zubin 24H2 na shekarar 2024 ya zo da buƙatar wani umarni a cikin ƙwaƙwalwa mai suna SSE4.2, wanda irin su Core 2 Duo ba su da shi, kuma waɗannan na'urori ba sa tashi da shi ko da wace dabara aka yi. Wanda aka ɗora wa Windows 11 a kan irinsu a 2022 aka ce ya huta, ba a gaya masa gaskiya ba. An ɗora wa jaki kayan raƙumi ne, ya yi 'yar tafiya, ya durƙusa.

Abin da na fi ganin dacewarsa ga yawancin waɗannan na'urori shi ne Linux, musamman Linux Mint, wadda fuskarta ke kama da Windows ɗin da aka saba. Kyauta ce, tana iya tashi da RAM giga 2, kuma zubinta na 22 yana samun gyaran tsaro har 2029. Tana zuwa da LibreOffice na rubutu da lissafi, wanda ke buɗe takardun Word da Excel. Babbar falalarta ga mai gyara ita ce ana iya tayar da ita daga filash a gwada komai, allo da sauti da wayfay da na'urar bugawa, ba tare da an taɓa faifan ajiya ba. Ko wanda ba zai ɗora ta ba ya kamata ya riƙe irin wannan filash a aljihu, domin da shi ake shiga kwamfutar da Windows ɗinta ta ƙi tashi a kwashe takardun mutane kafin a yi wani abu. Ita ma tana da nata ciwon kai: wasu katunan wayfay na Broadcom sai an nemo musu direba, wasu katunan hoto na Nvidia suna ba da baƙin allo, faifan da ke yanayin RAID kuma yakan ɓuya mata. Bambancin shi ne ana ganin waɗannan tun kafin a goge komai. Kuma ba abin talakawa kaɗai ba ne. Makarantun gwamnati na jihar Kerala a Indiya sun daɗe a kan Linux, jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ma ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutocin ma'aikatanta kimanin 30,000 kan LibreOffice da Linux.

Mai shagon buga takardu zai ce abincinsa yana cikin CorelDRAW, da ita yake zana katin biki da kalanda da fastar 'yan siyasa, ita kuwa ba ta aiki a Linux. Wannan gaskiya ce, kuma ba zan ce ya bar sana'arsa don ra'ayina ba. Amma amsarsa ba Windows 11 ta dabara ba ce. Windows 10 ba ta daina aiki a ranar 14 ga Oktoba ba, gyaran tsaro ne aka daina aiko mata kyauta ga kowa, kuma a 2025 Microsoft ya buɗe wa ɗaiɗaikun mutane ƙarin wa'adi zuwa 13 ga Oktoba 2026. Na'urar zane tana iya zama a kan Windows 10 a raba ta da intanet, a yi hattara da filash ɗin abokan ciniki, wanda dama ta nan ƙwayar cuta ta fi shigowa shagunanmu. Duba sakamakon jarrabawa da cike fom da harkar banki kuma a yi su a wata na'urar mai samun sabuntawa. Malamin makaranta shi ma zai ce yara su saba da abin da za su tarar a jarrabawar JAMB, wadda ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, ga kuma ma'aikatar ilimi ta tarayya ta sanar a 2025 cewa WAEC da NECO za su bi sahu. Abin da ɗan Isa ke buƙata a zauren jarrabawa shi ne hannunsa ya saba da linzami da maɓallan A, B, C da D, idonsa ya saba da karatu a allo. Wannan kowace babbar manhaja tana koyar da shi, muddin kwamfutar ta tashi. Ɗakin kwamfuta da rabin na'urorinsa ke nuna baƙin allo ba ya koya wa kowa komai.

Saboda haka mai sayen 'yar gwanjo ya tambayi zubin ƙwaƙwalwarta kafin ya biya. A Core i5 da i7 na zubi na biyu zuwa na tara, lambar farko bayan sunan ita ke nunawa: 6300U zubi na shida ce, 8250U na takwas. Idan ya tarar da Windows 11 a kan ta shida, ya san dabara aka yi, ya nemi ragi ko ya nemi a ɗora masa abin da na'urar ke iya ɗauka. Masu gyara na Sabon Birni da Isa da Sakkwato su riƙa ɗaukar hoton saƙon kuskure da na saitin BIOS kafin su taɓa komai, su duba agogon na'ura, su kwashe takardun mai kaya, sannan su yi maganar fomat. Ma'aikatar ilimi ta Jihar Sakkwato da 'yan majalisa da ƙungiyoyin agaji masu raba kwamfutoci a makarantun yankin kuwa, kada su karɓi na'urar da ke ƙasa da zubi na takwas idan da Windows za ta yi aiki, kuma duk makarantar da aka kai wa kaya a horar da malami ɗaya a cikinta, a bar masa filash na ceto da 'yan batiran CR2032.