Tsuntsu Mai Farar Hula

A cikin kurmin bakin rafi da duhuwar lambuna na ƙasar Hausa akwai wani ɗan tsuntsu wanda kunne ya fi ido saninsa. Masana suna kiran danginsa Kosifa, wani masani Bafaranshe kuwa shi ya fara rubuta siffarsa a littafi cikin shekarar 1838. Ana samunsa tun daga Senegal har Habasha.

Tsawonsa daga baki zuwa wutsiya wajen santimita 20 ne, watau kamar taki guda. Tsakar kansa fari fat, sai ka ce hula ya sa. Kumatunsa baƙaƙe, bayansa toka-toka mai duhu, ƙirjinsa da cikinsa kuwa ruwan goro.

Kunya gare shi, ba ya son sarari. Yakan yi ta tsalle a gindin itatuwa yana birkita busasshen ganye, yana tsintar gara da tururuwa da tsutsa. Da damina yake yin sheƙa, a kogon itace ko cikin sarƙaƙiya, ba nisa da ƙasa, macen ta saka ƙwai biyu ko uku.

Amma babbar baiwarsa ita ce murya. Da asuba da almuru yake rera waƙa, kuma gwani ne wajen kwaikwayo. Yakan ɗauko kukan wannan tsuntsu ya haɗa da na wancan, har fiton mutum ma yakan kwaikwaya. Mai wucewa sai ya zaci tsuntsaye iri iri ne suka taru, alhali kuwa guda ne tak a ɓoye cikin ganye.

To, irin wannan tsuntsu bai kamata yaro ya auna shi da danko ba. Wani zai ce ai nama ne. Gaskiya ne, amma naman bai wuce loma biyu ba, waƙar kuwa ta kowace safiya ce, kuma ta dukan unguwa. In ma da damina ne aka harbe uwa, ba rai ɗaya aka kashe ba, gama 'ya'yan da ke cikin sheƙa yunwa za ta ƙarasa su.

Akwai kuma abin da ya fi danko ɓarna, watau sare kurmi da cinna masa wuta. Danko tsuntsu ɗaya yake kashewa, wuta kuwa gidan duka take cinyewa, da sheƙa da abinci da maɓoya. Inda babu duhuwa, Mai Farar Hula ba ya zama.

Saboda haka yaron kirki, in ya ji waƙa daga cikin kurmi, sai ya aje dankonsa, ya tsaya shiru, ya ƙidaya kukan tsuntsu nawa zai iya ganewa. Wanda ya yi haka ya koma gida da ilmi, gobe kuma mawaƙin yana nan yana jiransa.