LAFIYA UWAR JIKI: Kada Mu Ɓoye Wa Likitan Barci Komai



A da, a Nima da Maamobi, ƙiba alamar hutu ce. Yau mun ga yadda take jawo ciwon suga da hawan jini, har wasu daga cikinmu na neman aikin rage tumbi, inda ake yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbin domin mutum ya ƙoshi da ɗan abinci. Kowa na tambayar ƙwarewar mai fiɗa da kuɗin aiki. Amma akwai wanda muke mantawa, shi ne likitan barci, wanda numfashinmu ke hannunsa.

Mai ƙiba ba kowane magani ake auna masa da nauyin da sikeli ya nuna ba, don kitse na riƙe wasu magunguna, ya jinkirta farkawa. Saboda haka allurar propofol, wadda aka soma amfani da ita a Ingila a 1986, akan auna ta da nauyin jiki ban da kitse. Iskar da ake shaƙa kuwa, akan zaɓi desflurane ko sevoflurane, masu saurin fita daga jiki. Morphine na kashe zafi, amma yana rage numfashi, shi ya sa ake taƙaita shi, a haɗa da farasitamol da allurar kashe wurin yanka.

To, ina namu aikin? Faɗin gaskiya. Ko a Korle Bu ne, ko Ridge, ko 37, ko ƙasar waje, likita ba ya duba. Mai minshari da numfashinsa ke tsayawa cikin barci ya faɗa. Uwargida ta fi kowa sani, a tafi da ita. Mai shan tramadol ya ajiye kunya, don jikin da ya saba da shi ba ya jin maganin zafi kamar na kowa. Haka tsimi da saiwoyin da muke saya a Circle, da sigari, da allurar rage ƙiba irin Ozempic, wadda ke sa abinci daɗewa a tumbi.

Ka'ida ita ce a bar abinci awa 6 kafin aiki, ruwa zalla awa 2, sai dai in likita ya faɗi wani abu dabam. Kofin koko a ɓoye na iya komawa huhu.

Bayan aiki, a kwanta da kai a sama, a tashi a taka tun ranar farko don kada jini ya daskare a ƙafa. Makonnin farko abin sha ne, sannan abinci mai laushi. 'Yan dubiya, don Allah, a bar waakye da tuwo a gida. Zazzaɓi, ko bugun zuciya da sauri, ko ciwon ciki mai tsanani, a koma asibiti nan take.

Allah ya ba mu lafiya. Sai wata mai zuwa.