Farautar Masu Kuɗi: Jarumta Ko Cefane?

Bahaushe ya ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. To, yau ga wasu mutane da suka gano hanyar cin zomo, kai har giwa da zaki, ba tare da sun yi taku goma ba. Muna nufin attajiran nan na Amurka da Turai da ƙasashen Larabawa, masu hawa jirgi su ƙetare teku domin kawai su harbe namun dajin wasu ƙasashe, su ɗauki hoto, su tafi da kai da fata su rataya a bangon falo. Ana kiransu mafarauta. Mu dai ba mu yarda a ba su wannan suna ba.

Mun san maharbi. Mutum ne mai shiga daji da ƙafarsa, da kwari da baka ko 'yar adaka, ya kwana a kan reshe sauro na cizonsa, kuma ya san in ya kuskure ɓauna ita ba za ta kuskure shi ba. In ya yi kirari, da ransa ya saye shi, naman kuma gari ne zai ci. Shi kuwa baƙon nan mota ce za ta kai shi, wani ne zai bi masa sawu, wani ya riƙe masa bindiga, ga kuma ƙwararre tsaye a bayansa da tasa bindigar ko da hannun mai gida zai yi rawa. Ina jarumtar take?

Abin ba yau ya fara ba. A shekarar 1909, da saukarsa daga mulkin Amurka, Theodore Roosevelt ya sauka Mombasa da ɗaruruwan 'yan dako, bai tsaya ba sai Hartum a 1910. Shi da ɗansa sun kashe dabbobi 512, ciki har da zakuna 17 da giwaye 11 da karkanda 20, wai don ilimi da gidan adana kayan tarihi. Ya koma gida ya rubuta littafi, aka yi ta saye. Ernest Hemingway ya bi bayansa da nasa littafin a 1935. Alƙalami ne ya wanke wannan ɗabi'a ya sa mata riga, har yaran can suka tashi suna ganin Afirka wani makeken fili ne da aka tanada don namiji ya gwada kansa. A daidai wannan zamani kuwa dokokin 'yan mulkin mallaka suna hana ɗan ƙasa kafa tarko da haƙa rami, suna neman lasisin da ba shi da kuɗin saye. Wato dare ɗaya mai daji ya zama ɓarawo, baƙo ya zama mai haƙƙi.

A duba abin da ya faru a Zimbabwe cikin Yulin 2015. Wani likitan haƙori ɗan Amurka ya biya wajen dala 50,000. Aka yaudari wani zaki mai suna Cecil da mushe a bakin gandun dajin Hwange, likita ya harbe shi da kibiya cikin dare, bai ma iya kashe shi ba, sai bayan sa'o'i masu yawa aka bi shi aka ƙarasa. Zakin nan yana da shekara 13, yana kuma ɗauke da na'urar bincike ta masanan Jami'ar Oxford a wuyansa. Ba a gurfanar da likita ba, domin an ce takardunsa sun cika. Kafin wannan, a 2012, Sarkin Sifen Juan Carlos ya sulale zuwa Botswana harbin giwa alhali talakawansa na fama da rashin aikin yi; ba don ya karye a ƙugu ba da babu mai ji. A Afirka ta Kudu kuwa abin ya wuce nan: an daɗe ana kiwon dubban zakuna a keji kamar kaji, in sun girma a sake su cikin shinge mai kuɗi ya harbe. Wannan ai cefane ne, sai dai mahauci ya fi su gaskiya, don shi ba ya ɗaukar hoto da ƙafa a kan sa.

Masu kare su suna da hujja, kuma ba za mu yi kamar ba mu ji ta ba. Sun ce kuɗin nan ne ke biyan masu gadin daji, kuma manomin da giwa ta tattake masa gona ba zai ƙyale ta ba sai in yana samun wani abu daga gare ta. Botswana ta hana farautar a 2014, ta dawo da ita a 2019 saboda kukan manoma, har a 2024 shugabanta Masisi ya yi wa Jamus tayin giwaye 20,000 su je su zauna da su su ji in da daɗi. Ya burge mu, don ba ma son Bature ya zauna a Balin yana koya wa mai gona tausayi. Haka nan masu zuwa Ostireliya harbin aladu da ɓauna da raƙuman da aka kai can suka koma na daji, su ma sun ce taimako suke yi. Amma in rage dabba ake so, aikin hukuma ne da ma'aikatanta. Kuma me ya sa mai taimakon nan ba ya neman gurguwa ko ramammiya, sai mai dogon haure da mai cikar geza? Wanda zuciyarsa ke kan gyaran daji ba ya tafiya da awon ƙaho a aljihu.

Kada wani ya ce wannan maganar nesa ce. A Nijar an sha ganin ayarin manyan Larabawa sun shiga sahara da jerin motoci da shaho a hannu, suna bin tuje da barewa har su gaji su faɗi. A arewacin Kamaru, wajen Binuwai, akwai dazuzzukan da aka yanka aka ba kamfanonin farauta haya, makiyayi bai isa ya ratsa ba. A wannan yanki ne karkandar Afirka ta Yamma ta yi zamanta na ƙarshe, aka tabbatar da ƙarewarta a 2011. Mariri, wanda kakanninmu suka san fatarsa a garkuwa, an bayyana ɓacewarsa daga daji a shekarar 2000, sai a 2016 aka kwaso wasu daga Abu Dabi aka sake a Cadi, alhali a gonakin Texas ana kiwonsa ana sayar wa masu bindiga. Ba mu ce baƙi kaɗai suka yi wannan ɓarna ba. Yaƙi da fari da ƙunar daji da mafarautan gida duk da hannunsu. Bambancin shi ne na gida in an kama shi da gada ɗaya sai kurkuku, na waje kuwa har filin jirgi ake raka shi.

Saboda haka muna neman duk gwamnatin da ke sayar da wannan lasisi ta buga lissafi a fili: dabba nawa aka harbe, nawa aka karɓa, nawa ya isa ƙauyen da ke bakin dajin. A haɗa da ladan mai bin sawu, wanda ya yi wuni a rana ya nuna wa mai gida inda zai auna, sa'an nan aka ce ya matsa gefe za a ɗauki hoto. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A gaya mana nawa aka ba shi.